Shin shiga ƙungiyar Rotary yana da amfani bayan an kawar da shan inna?

Malamin Gangare:
Assalamu alaikum. Wani abokin aikina a nan Jos ya gayyace ni in shiga Rotary, wata ƙungiyar ayyukan jin ƙai ta duniya, yana cewa su ne suka tsaya wajen yaƙi da shan inna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, to me ya rage musu? Kuma lokacin da ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare a Yulin 2012, waɗanda na gani cikin laka suna jan mutane 'yan agajin Izala ne da na Jama'atu da Red Cross. Shin kuɗin da zan riƙa biya duk shekara ba zai fi amfani a hannunsu ba?

Hajiyar Rigakafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina bin gida-gida da akwatin sanyi, saboda haka zan yi magana a kan ɓangaren cutar kawai. Rotary ta fara shirinta na yaƙi da shan inna mai suna PolioPlus a 1985, kuma a 1988, lokacin da ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cutar tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A Nijeriya, yaran ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama an same su ne a Borno a 2016. Sai dai aiki bai ƙare ba, domin har yanzu tana nan a Pakistan da Afganistan, sannan akwai wani nau'in da ke ɓullowa a yankunan da yara da yawa ba su samu ɗigo ba, kuma arewa maso yammacin Nijeriya na fama da shi. Wanda ya tuna dakatar da rigakafi a Kano a 2003, da yadda cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe kafin a dawo da rigakafin a 2004, ya san cewa sakaci na shekara guda yana iya rushe aikin shekara goma.

Baban Tudun Wada:
Ɗana, kana gwama abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Ɗan agaji yana isa wurin a sa'ar farko saboda unguwarsu ce, ya san lungu, ya san gidan da tsohuwa take kwance. Ƙungiya irin Rotary ƙarfinta yana wajen tara kuɗi da matsa wa gwamnati lamba shekara da shekaru. Kowace dala da ta tara don shan inna, Gidauniyar Gates tana ƙara mata biyu. Haka kurkunu ya tafi, da haƙurin Cibiyar Carter da yawon Janar Gowon ƙauye-ƙauye, har aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Ni dai ban shiga ba, domin kuɗin zama mamba ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Malamin Gangare:
Na gode Hajiya, na gode Baba. Zan halarci zamansu sau ɗaya a matsayin baƙo, in tambaye su abin da reshensu ya tanada wa unguwannin bakin rafi kafin damina ta kankama.