Neman Shawara: Yaya Ake Gane Fulogin Mota na Jabu?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon makanikai da masu sayar da kayan gyara a kan matsalar da ta gagare ni. Na sanya wa motata sababbin fulogi masu bakin iridiyom (wani ƙarfe mai tsananin ƙwari), waɗanda ya kamata su daɗe ƙwarai, amma ba a jima ba injin ya fara tsallake wuta yana shan mai fiye da kima. Da makanikena ya kwance su, sai muka tarar da siririn bakin ya cinye, alhali ya gwada kwayil (na'urar da ke ba fulogi wuta) da wayoyi bai sami matsala ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwalin da tambarin ba su da wata makusa, kuma a ganina masu yin jabu sun ƙware a kwaikwayon kwali har ya daina zama hujja. An ce in duba tsabtar zaren ɗauri, da lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen, sannan in auna fulogin da mitar lantarki in ga ko zai nuna kusan om 5,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Shin wannan awon ya wadatar, ko jabun ma yana iya tsallake shi? Akwai alamar da za a dogara da ita tun kafin a biya kuɗi? Na gode.