Talakan Hawai na Da: Bawa Ne Ko Ɗa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Ni dai maganata ɗaya ce: talakan tsibiran Hawai kafin zuwan Kyaftin Kuk a 1778 bawa ne, sunan ne kawai ba a kira shi da shi ba. Ƙasa duk ta babban sarki ce, ali'i nui. Shi ke yanka ta ya raba wa sarakunan da ke ƙarƙashinsa, su kuma su ɗora wakili, konohiki, a kan manoma. Mai noman gwaza ba shi da ko taku ɗaya na kansa. Da shi da manomin Turai na zamanin da, wanda ake gadonsa tare da gona, duk kanwar ja ce.

Malamin Aji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Manomin Turai ɗaure yake da gonar ubangidansa, in ya gudu a kamo shi. Talakan Hawai, wato maka'ainana, in wakili ya matsa masa, sai ya kwashi iyalinsa ya koma ƙasar wani sarki, can kuma a yi murna da shi don an sami ƙarin hannu. Ka kuma dubi yadda suka yanka ƙasar. Kowane yanki, ahupua'a, yawanci yakan faro daga kan dutse ya gangaro har bakin teku: itacen sassaƙa kwale-kwale a sama, fadamun gwaza a kwari, kifi da gishiri a gaɓa. Mazaunin yankin yana da haƙƙin ɗiba daga duka. In sabon sarki ya hau, sarakuna ake sake wa rabo, manomi galibi yana nan a fadamarsa.

Uwar Biyu: Malam, 'yancin ƙaura ka gani, ni kuwa kapu nake gani, wato dokokin haramci na addininsu. Mutumin da inuwarsa za ta faɗa kan babban basarake a kashe shi, wanda in an shelanta wucewar sarki dole ya kife da fuska a ƙasa, wane irin ɗa ne wannan? Mata kuma ba a magana. Ba su ci tare da maza, an hana su naman alade da kwakwa da yawancin ayaba. Sai a 1819 Sarki Liholiho, ɗan Sarki Kamehameha, ya zauna ya ci abinci da mata a bainar jama'a, sannan abin ya rushe.

Malamin Aji: Hajiya, gaskiyarki, amma dokar cin abincin nan ba ta bar matan fada ba. Ka'ahumanu, matar da Kamehameha ya fi so, ita ma ayaba ta haramta gare ta, kuma tana cikin waɗanda suka tura Liholiho ya karya dokar. Shi kansa Kamehameha, da ya haɗe tsibiran a 1810, matarsa Keopuolani ta fi shi daraja ta wajen jini, dole ya ƙanƙan da kai a gabanta. Abin na addini ne da asali, ba kamar na ubangida da bawansa ba.

Mai Karatun Dare: Ku gafarce ni, akwai waɗanda kuka tsallake. Ƙasa da talakawa akwai kauwa. Gadon abin ake yi, a keɓe suke zaune, talaka ma ba ya auren 'yarsu, wasu har zane ake yi musu a goshi ko gefen ido don a gane su. Daga cikinsu ake ɗauko wanda za a yanka a wurin bauta. To Yaya Ɗan Birni, in talaka bawa ne, su kuma me za ka kira su?

Ɗan Birni: In kira su waɗanda suka fi shi shan wuya. Don akwai na ƙasa da kai ai ba ka zama ɗa ba. Ku dubi Makahiki, bikin gunkinsu Lono, wata huɗu ana yi. Ana zagaya tsibiri da gunkin, a kan iyakar kowane yanki a tara masa aladu, karnuka, gwaza, tufafin ɓawon itace da gashin tsuntsu. Alkyabbar Kamehameha da ke gidan tarihi na Bishop a Honolulu, gashin tsuntsun mamo kusan 450,000 aka jera a jikinta. Wa ya shiga daji ya ɗana wa tsuntsayen nan danƙo? Wa ya ɗauki duwatsun da aka gina tafkunan kifi? Ba dai mai alkyabbar ba.

Malamin Aji: Haraji da aikin dole akwai, ban musa ba. Amma David Malo, ɗan ƙasar da ya taso cikin tsarin, ya rubuta sunayen sarakunan da talakawa suka kashe saboda zalunci, irin su Koihala da Kohaikalani a yankin Ka'u. Sarki ya san in ya wuce gona da iri, ko dai jama'a su watse masa ko su gama da shi.

Uwar Biyu: To a zamanin cinikin itacen sandal mai ƙamshi ina wannan ƙarfin nasu ya shiga? Bayan 1810 sarakuna suka ci bashin jirage da kayan ƙawa a hannun 'yan kasuwar Amurka, suka kora mutane kan duwatsu saran itace, gonaki suka koma saura, yunwa ta shigo.

Mai Karatun Dare: Hajiya, wannan ai bayan zuwan baƙi ne. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne rabon ƙasa na Mahele a 1848 da dokar Kuleana ta 1850. An ce za a bai wa talaka takardar mallaka ya zama mai kansa, aka ƙare talakawa ba su sami ko kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. A tsohon tsari aƙalla ba a sayar da fadama a kan idonsa.

Ɗan Birni: Baƙi sun kawo jirgi, amma wa ya ba da umarnin hawa dutse? Ali'i ne, da ikon da suke da shi tun asali. Malam, ka ce talaka na iya ƙaura. Bayan Kamehameha ya haɗe tsibiran duka a hannunsa, wajen wa zai ƙaura?

Malamin Aji: Wannan kam ka kama ni, amma daga 1810 zuwa gaba. Kai kuwa ka ce kafin 1778.