Ƙarar kiɗa a jirgin ruwa na shaƙatawa: mu kai mahaifiyarmu ko mu haƙura?

Malamin Lissafi, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, ko kuwa suka san sirrinsu. A bara ƙanena da ke zaune a Marsai ta ƙasar Faransa ya biya mini da maiɗakina tafiyar kwana bakwai a tekun Bahar Rum. Mun tashi daga Marsai, muka ya da zango a Jenowa, da tashar da ke kusa da birnin Rum, da Palermo, da tsibirin Malta, da Basalona, sannan muka dawo inda muka fito. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwalen da ke ƙetara kogi a Bubon ba, na ɗauka zan sami mako guda na shiru, in zauna ina kallon ruwa har ido ya gaji.

Abin da na tarar daban ne. Tun hantsi ake kunna kiɗa a benen sama, inda wurin ninkaya yake, kuma akwai wani saurayi riƙe da makirufo wanda aikinsa ke nan ya yi ta ihu yana kiran mutane rawa, ya faɗa da Italiyanci, ya maimaita da Faransanci, da Ingilishi, da Sifaniyanci, da Jamusanci, kamar mai shelar ɓatan akuya ranar kasuwa. A wurin cin abinci akwai kiɗa, a babban zauren tsakiya akwai ƴan kiɗa, har cikin na'urar hawa bene ba a bar mutum ya huta ba. Ɗakinmu kuwa ashe yana ƙarƙashin benen ninkayar ne kai tsaye. Wani dare da misalin ƙarfe ɗaya na ajiye kofin ruwa a kan ɗan teburin gefen gado, na zauna ina kallon ruwan yana karkarwa daidai da bugun gangar da ke bisa kanmu. Da kiɗan ya mutu, kafin barci ya yi nisa, sai ma'aikata suka fara jan kujeru suna shirya wurin don safiya. Sau biyu na makara sallar asuba, abin da ba ya faruwa da ni a gida. Da na kai kuka wurin masu karɓar baƙi, sai wata baiwar Allah ta yi mini murmushi ta miƙo mini sosan toshe kunne guda biyu.

Yanzu ƙanen nawa ya dage cewa bana Hajiyarmu zai kai. Ta haura shekara 70, tana sa na'urar ƙara ji a kunnen hagu, kuma hayaniyar biki ma ba ta iya jimre mata fiye da sa'a guda. Shin duk jiragen haka suke, ko mu ne muka yi rashin sa'a? Akwai wata doka da ta iyakance wannan ƙara? In hana tafiyar, ko akwai dabarar da za a yi?

Ɗan Adar Tsohon Ma'aikacin Jirgi, Tawa

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekaru ina raba abinci a irin waɗannan jirage kafin in dawo gida, don haka bari in faɗa maka abin da ba za a faɗa maka a teburin karɓar baƙi ba. Ƙarar nan ba kuskure ba ce, kuma ba wani yaro ne ya murɗa lasifika don son ransa ba, tsari ne. Kuɗin tikiti ba shi kaɗai ne ke ciyar da kamfani ba. Akwai abin da ake samu a mashaya, da gidan caca, da kantuna, da hotunan da ake ɗaukar mutane, kuma wanda ya kwanta a ɗakinsa yana karatu ba ya sayen komai. Ana so a fito da shi, a tara shi da jama'a, a hana wurin yin sanyi. Akwai ma wani bincike da aka wallafa a shekarar 2008, wanda aka yi a wasu mashaya na yammacin Faransa, inda aka ga cewa idan aka ɗaga kiɗa daga desibel 72 zuwa 88 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), masu sha suna shanye kofinsu da sauri kuma suna ƙara saye, wataƙila domin hira ta gagara. Masu tsara nishaɗi a jirgi sun san wannan ko ba su karanta binciken ba.

Game da doka, akwai ƙa'idar da Hukumar Sufurin Teku ta Duniya, mai mazauni a Landan, ta amince da ita a 2012, ta fara aiki a watan Yulin 2014. Ta ce a babban jirgi ƙarar da ke ɗakin kwanan ma'aikaci kada ta wuce desibel 55. Amma an yi ta ne don kare ma'aikata daga ƙugin injuna, ba ta shafi ɗakunan fasinja ba, balle kiɗan da ake yi musu da sunan nishaɗi. Saboda haka kada ka sa ran wani zai zo da takarda ya kashe lasifikar.

Abin da ke hannunku shi ne zaɓen ɗaki, kuma nan ne aka cuce ku a bara. Jirgi ƙarfe ne tun daga ƙasa har sama, ƙarfe kuwa yana ɗaukar kaurin sauti ya kai shi nesa. Siririyar muryar mawaƙi bango yana tare ta, amma dundun ɗin nan da ya girgiza maka kofi ta cikin ƙashin jirgin yake bi, shi ya sa soso bai yi maka maganinsa ba. Kowane kamfani yana sa taswirar benayen jirginsa a intanet. Ƙanenka ya buɗe ta kafin ya biya ko dala, ya nemi ɗakin da samansa ɗakunan kwana ne, ƙasansa ma ɗakunan kwana ne. Ya guji ƙarƙashin wurin ninkaya da ƙarƙashin wurin cin abinci na ɗiba da kanka, ya guji saman gidan wasan kwaikwayo da ɗakin rawa na dare. Can gaba sosai kuma akwai sarƙar anga da injunan da ke tura jirgi gefe lokacin shiga tasha, waɗanda sukan tashi mutum da sassafe. Can baya ƙasa akwai girgizar farfela. Tsakiya ta fi, kuma tangaɗin jirgi bai kai na sauran wurare ba, abin da zai fi wa tsohuwa sauƙi. Sannan akwai wani tikiti mai rahusa da ake sayarwa inda kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Ina kyautata zaton shi aka saya muku, domin ɗakunan da kowa ya ƙi su ne ake rabawa ta wannan hanya.

Ma'aikaciyar Lafiya, Yamai

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ni ta ɓangaren kunne zan yi magana, domin mutanenmu suna ɗaukar ƙara a matsayin abin haushi kawai, alhali cuta ce mai shiga a hankali. A can cikin kunne akwai wani sashe mai kama da dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi waɗanda su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Idan ka fito daga wurin kiɗa ka ji kunnenka ya dushe, ko yana kuka kamar gyare, to ya gaya maka ke nan an wuce da shi iyaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Hirar mutum biyu tana wajen desibel 60. Babban mutum zai iya jin desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ba tare da haɗari ba, amma da an kai 90 sai lokacin ya koma sa'a 4 kacal, a 100 kuwa minti 20 ne a duk mako. Kai da kake malamin lissafi za ka gane dalili: ma'aunin ba a jere yake hawa ba, kowane ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sautin yake yi. A shekarar 2022 hukumar ta fitar da shawara ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin sauti kada ya wuce desibel 100, a tanadi wurin shiru inda mutane za su huta da kunnuwansu, a kuma ba su abin toshe kunne. Shawara ce dai, ba tilas ba.

Ga Hajiya kuma akwai ƙarin matsala. Na'urar ƙara ji ba ta san muryar ɗa daga ƙarar cokula da kiɗa ba sosai, musamman mai sauƙin kuɗi, sai ta ɗaga su gaba ɗaya. Tsoho a irin wannan wuri yakan gaji, ya yi shiru, a ɗauka fushi yake yi. Kafin tafiya a kai ta wurin wanda ya daidaita mata na'urar ya duba ko tana da tsarin wurin hayaniya, a koya wa mai rakiyarta yadda ake rage ta. Amma kada a bar ta ta kwana ita kaɗai da kunne a toshe da na'ura a cire, domin a jirgi akwai ƙahon gaggawa, gajeren busa bakwai da dogo ɗaya, wanda dole ne wani a ɗakin ya ji shi. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura kuwa shi ne, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, to ku tashi daga wurin.

Ƙaramin Ɗalibi, Yamai

Baba Malam, ka gafarce ni, amma ina ganin an ɗan yi wa jirgin rashin adalci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waɗannan jirage ba don masu neman kaɗaici aka ƙera su ba. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365 kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Gari ne guda a kan ruwa, mafi yawan mutanen cikinsa kuwa sun tara kuɗi ne shekara guda don su zo su yi rawa. Mu ma a nan Yamai, wane ne bai taɓa kwana ido biyu ba saboda maƙwabci ya tare titi da rumfa ya ɗauko ƴan kiɗa? Ranar kokowa a fili, wa yake cewa a rage ganga? Idan mun haƙura da namu, ban ga dalilin da za mu je gidan bikin wasu mu ce su yi shiru ba.

Ɗan Adar Tsohon Ma'aikacin Jirgi, Tawa

Ƙanena, maganarka tana da rabin gaskiya. Bambancin shi ne bikin maƙwabci kwana ɗaya ne ko biyu, kuma idan ya ishe ka sai ka ɗauki tabarmarka ka tafi gidan yayarka a wata unguwa. A tsakiyar teku ina za ka? Kuma kada ka ɗauka baƙi irinmu ne kaɗai ke kuka. Tsofaffin Turawa da na yi wa hidima sun fi kowa ƙorafi, wasu har su kira ni su ce in je in gaya wa mai kiɗa ya rage, ni da ba ni da ikon ko taɓa wayar lasifika. Mu ma'aikatan mashaya da na wurin ninkaya mu ne ma muka fi shan wahalar, tunda fasinja mako guda yake yi ya tafi, mu kuwa watanni muke yi a ƙarƙashin lasifikar nan. Har yau idan dare ya yi tsit a Tawa ina jin wani siririn kuka a kunnen dama.

Inda na yarda da kai shi ne jirgi suna ya tara. Masu ɗaukar dubban mutane, musamman a watannin Yuli da Agusta lokacin hutun makarantu a Turai, da kuma gajerun tafiye-tafiye na kwana uku ko huɗu, su ne gidan hayaniya. Ƙananan jirage da waɗanda ke bin kogunan Turai irin su Ron da Danub galibi dattawa ne ke cika su, kiɗansu bai cika wuce mai piyano guda bayan cin abincin dare ba, sai dai kuɗinsu ya fi yawa. Ko a babban jirgin ma akwai maɓoya: benen da kwalekwalen ceto suke rataye, inda ake zagayawa da ƙafa, yawanci babu lasifikar kiɗa a can, ga iska ga ruwa kusa. Ranar da jirgi ya tsaya a tasha kuma mutane suka sauka yawon gari, wurin yakan zama kamar an share shi.

Malamin Lissafi, Yamai

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗana Ɗalibi, ban ji haushi ba, sai dai ka sani a tallar da aka nuna mana babu mai makirufo, wata mata ce kaɗai zaune a baranda da littafi a hannu, rana tana faɗuwa. Na kira ƙanena jiya bayan isha'i na karanta masa bayanin Ɗan Adar, ya yi shiru, sannan ya amsa cewa lalle tikitin da kamfani ke zaɓen ɗaki ya saya mana, don ya fi araha. Mun buɗe taswirar jirgin tare, shi a can ni a nan, muka sami lambar ɗakinmu na bara: mashayar wurin ninkaya ce daidai bisa gadonmu. Yanzu yana duba watan Oktoba da ɗaki a tsakiya mai baranda, kuma ƙanwarmu za ta kwana tare da Hajiya. Ita Hajiyar da na gaya mata, tambaya ɗaya ta yi mini, wai idan jirgin yana juyawa cikin dare ta yaya za ta san alƙibla. Ɗan Adar, kai da ka yi shekaru a ciki, yaya kuke yi?