Shin lalacewar rigar jijiya ciwon Turawa ne?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Jiya a aji wata ɗaliba ta tambaye ni dalilin da ya sa muke cinye mako guda kan ƙwayoyin da ke yi wa jijiya riga, alhali ciwon da ke cin rigar, wato MS, na ƙasashen sanyi ne. Wallahi na ga tana da hujja. Wani likitan Faransa, Charcot, ya bayyana ciwon a Paris tun 1868, kuma har gobe ya fi kamari a Kanada da Sikotlan da arewacin Turai, yana raguwa idan aka gangaro ƙasashen zafi. Mu da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka sa a gaba, ina ruwanmu da shi?

Bala: Wa alaikumus salam. Malam, a yi mana bayanin rigar tukuna, wasunmu ba su kai wannan darasin ba.

Dakta Hauwa: Ƙanina, kamar robar da ke jikin wayar lantarki take, sai dai ta kitse ce, sunanta mayelin. A ƙwaƙwalwa da laka, ƙwayoyin oligodendirosait ke naɗa ta, guda ɗaya kan rufe zaruruwan jijiya da dama. A jijiyoyin hannu da ƙafa kuwa aikin ƙwayoyin Shuwan ne. Saƙo a jijiya mai riga kan yi gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa, a marar riga da ƙyar ya wuce mita 2. Kuma ba rufewa kaɗai suke yi ba, har abinci suke miƙa wa zaren, shi ya sa idan suka mutu shi ma yakan bi su a hankali.

Malam Nasiru, ban musa cewa MS ya fi yawa a can ba. Amma da me muke nemansa a nan? Ba a gano shi sai da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, sau da yawa har da gwajin ruwan laka. Na taɓa duba wata budurwa mai shekara 24, idonta na hagu ya yi hazo, yana ciwo in ta juya shi. Ta ce in ta tsaya gaban murhu ko rana ta take, hazon sai ya ƙaru, in ta yi wanka da ruwan randa ya lafa. Jijiyar da ta rasa riga ba ta jure zafi, alama ce sananniya. Shekara biyu ana yi mata hayaƙi da rubutu a kan sammu ne, sai da ƙafa ta fara ja aka kawo ta. Kuɗin hoton ya gagari mahaifinta. Ita a wane lissafi za a sa ta?

Malam Nasiru: Allah ya ba ta lafiya. Amma Dakta, mutum ɗaya da ba a ma tabbatar ba, ai bai isa ya rushe ƙididdiga ba. Kusan mutum miliyan 2.8 aka ƙiyasta suna da shi a duniya a 2020, kason Afirka ɗan kaɗan ne.

Dakta Hauwa: Ƙididdigar daga wurin likitocin jijiya take fitowa, su nawa gare mu? Ga kuma ɗan'uwansa NMO mai kama jijiyar ido da laka, wanda ya fi yawa a baƙar fata fiye da Turawa. A 2004 aka gano alamarsa a jini.

Baba Isa: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekara talatin ina aikin kuturta. Kun san inda ƙwayar kuturta take fakewa? Cikin waɗannan ƙwayoyin Shuwan ɗin. Mutane na ɗauka ciwon fata ne mai cinye yatsu, alhali jijiya yake kashewa. Na ga matar da ta sauke tukunya daga wuta da hannu tsirara tana ta hira, sai ƙaurin fatarta ne ya sa 'yarta ta yi ihu. Ƙuna kan ƙuna, gyambo kan gyambo, haka yatsun ke tafiya. Mu da auduga muke shafa farin tabo, mu ce mutum ya rufe ido ya nuna inda aka taɓa. Sai mu laluba bayan gwiwar hannu, in jijiyar ta kumbura za ka ji ta ƙarƙashin yatsa kamar igiyar guga. Tun 1995 ake ba da maganin kyauta, wata 6 ko 12, amma jin da ya daɗe da tafiya ba ya dawowa.

Malam Nasiru: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan kam na sallama. Sai dai Shuwan daban, oligodendirosait daban. Maganata a kan ta ƙwaƙwalwa ce, kuma ina nan a kanta.

Dakta Hauwa: To ga wadda ta shafi laka, kuma tana cikin ɗakin shan maganinka. Ƙarancin bitamin B12 na lalata rigar laka, mutum ya riƙa jin kamar yana taka auduga, ya kasa tafiya a duhu. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin na cikin haɗarin wannan ƙarancin. Allura ce maganinsa in an gano da wuri. Nawa muka sallama da cewa suga ne kawai?

Bala: Anti Dakta, rigar tana sake tofowa? Na ji an ce akwai maganin mura da ke gyara ta.

Dakta Hauwa: Ta hannu da ƙafa takan gyaru, ta ƙwaƙwalwa kuwa da ƙyar, kuma gyaran na raguwa da tsufa. Clemastine kake nufi. An gwada shi a San Faransisko, sakamakon ya fito a 2017, saƙon ido ya ɗan ƙara sauri kaɗan. Bai kai a ce magani ba ne, kada kowa ya je kemis ya saya.

Malam Nasiru: Har yanzu ina ganin MS bai cancanci mako guda a manhajarmu ba. Zan rage shi zuwa kwana biyu, sauran in ba kuturta da B12. Baba, ko za ka zo ranar Laraba ka nuna wa ɗalibai yadda ake laluben jijiyar?

Baba Isa: In Allah ya kai mu. A tanadar mini auduga da alƙalamin biro.

Dakta Hauwa: Kwana biyun ban yarda da su ba, Malam. Ka ba ni awa ɗaya a ciki, in zo da hotunan MRI su gani da idonsu.