A taya ni neman sunan wannan ƙunshin da ido ba ya gani

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ƙanwata da ke karatun kimiyyar abinci a Aliero ta zo hutu, Inna ta tambaye ta a kan me take bincike, ta ce "maikuro-inkafsuleshan". Inna ta ce Allah Ya sawwaƙe, ta zaci ciwo ne.

Ga yadda abin yake. Jan nan na zoɓo sinadari ne mai tare ɓarnar da iska ke yi, irin wadda ke sa man gyaɗa ya canja wari in ya daɗe. Sai dai shi kansa rago ne, zafi da hasken rana na kashe shi. Don haka ake dama ruwan zoɓon da ƙaro, ƙaron nan dai na tawadar allo, ko da sitaci, a fesa cikin iska mai zafi. Nan take ya bushe ya zama gari. Kowace ƙwaya ba ta kai milimita 1 ba, jan na ciki, ƙaro na waje. Tana nan a rufe har ta jiƙa ko ta isa cikin mutum, sannan ta riƙa saki a hankali.

Da farko na ce kafso. Ƙanwar tawa ta ce: "Haba Yaya, kafso ai na kanti ne, mutane za su ɗauka magani ake zuba musu a abinci." Ta yi gaskiya. Ƙunshi kuwa mata sun riga mu, na lalle ne.

Wani dattijon malami a Argungu ya ce mini kwanso. Na juya kalmar, ta zauna. Kwanson gyaɗa yana tsare ƙwaya daga rana da iska, kuma ba ya buɗewa sai an matsa shi. Ku tuna takardar rasit mai fitar da kwafi ba tare da kabon ba, wadda kamfanin NCR na Amurka ya fito da ita a shekarun 1950: tawadar tana rufe cikin irin waɗannan ƙananan ƙwayoyin a bayan takardar, bakin biro ne ke fasa su.

Ni dai na tsaya a "mitsitsin kwanso", aikin kuma "sa kwanso". Saura sunan sinadarin kansa, mai tare ɓarnar iska. Na kawo "makarin tsatsa", tunda tsatsa ma ɓarnar iska ce, Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin zoɓo ya yi tsatsa ba. Mutanen Gusau, me kuka ce?