Jiri da rashin barci, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Maman 'Yan Biyu: Salam jama'a. Wata huɗu kenan ƙarfe 3 na dare idona yake buɗewa, shikenan barci ya tafi sai juyi da tunane-tunane har a kira assalatu, da rana kuma jiri, in na tsugunna wanke-wanke na miƙe sai na dafa bango. Maganin maleriya da taifot kam na sha har na gaji. Ƙarshe likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan amitriptyline. Barci ya dawo alhamdulillah amma jirin kamar ƙaruwa ya yi, ga bushewar baki. In daina sha ne?

Ɗan Kawo: A'a Hajiya kar ki daina. Ni ma shi na sha, ranar farko da na ɗago daga sujada a sallar asuba wlh duhu na gani, sai da na kusa da ni a sahu ya riƙe ni. Da na koma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa suka auna jinina a kwance da a tsaye, ashe maganin yana sa jini ya sauka in mutum ya miƙe da sauri. Suka rage min, suka ce in riƙa zama bakin gado tukuna kafin in tashi.

'Yar Tudun Wada: Nawa fluoxetine ne, da dare nake sha ashe shi yake ƙara hana ni barci, aka mayar min safe. Sai wajen sati huɗu na fara jin ƙuncin ya sake ni, ki yi haƙuri da shi Anti.

Malamin Firamare: Ni nawa jirin barin shan magani ne ya jawo shi. Na ji sauƙi, ga kuɗin sertraline ya yi min nauyi, na ce ai na warke. Kwana uku kacal ina cikin keke wajen Kasuwar Barci naji titi yana juyawa, kaina kamar ana jona min wutar lantarki, daren nan ga munanan mafarkai, matata har ta fara maganar ruƙiyya. Likita ya mayar da ni kai, a hankali aka dinga ragewa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya ƙara mana lafiya. Litinin zan koma, zan ce su auna ni a tsaye ma.