Shawarwarin masu kallon wasannin ƙanƙara a Jos

A tattaunawar da masoya wasanni suka yi a Jos kan gasar Olamfik ta hunturu, akasarinsu sun shawarci sabon mai kallo da ya fara da hokin ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, domin zura ƙwallo a raga ba baƙon abu ba ne ga mai son tamaula. Sun ce a lura da agogo: tazarar awa 7 ta hana wasu barci a gasar Beijing ta 2022, alhali agogon Italiya, mai masaukin 2026, daidai yake da namu a Fabrairu. Wani dattijo ya dage, kuma da gaskiyarsa, cewa a nuna wa yara tseren keken ƙanƙara (bobsleigh, keke marar taya mai zamewa a kan ƙanƙara) da matan Najeriya suka shiga a gasar PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018.